Malam Edita, ku daina raina nakiyar ruwa

Assalamu alaikum malam edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da mu masu ƙorafi. Daga Bur Sudan nake rubuto maka, bakin Bahar Maliya, inda jaridarku bata iso mana a takarda sai dai a waya in Allah yasa akwai netwok da caji. Ƙorafi ne dani kuma ina roƙon ka bani fili ko da zaka datse wani wajen.

Tunda rikicin Bahar Maliya ya ɗau zafi a ƙarshen 2023 duk labarin da kuke kawo mana na manyan kaya ne, jirgin yaƙin Amurka ya iso, an harbo makami mai linzami, an kakkaɓo jirgi mara matuƙi, kaya sun yi tsada saboda jiragen dako sun koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Duk gaskiya ne ban musa ba. Amma nakiyar ruwa in ma kun ambace ta to layi ɗaya ne can a ƙarshen labari, alhali mu da muke bakin ruwan, da 'yan uwanmu masunta, da masu tsallakawa Jidda daga Sawakin, wallahi ita tafi bamu tsoro. Makami mai linzami akwai wanda ya harba akwai wanda aka auna, in an yi sulhu yau gobe ya tsaya. Ita kuwa nakiya wanda ya dasa ta ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta tana nan tana jira, kuma ba ruwanta da sulhu.

Abin ba yau ya fara ba. A ƙarshen 1914, farkon yaƙin duniya na ɗaya, Jamus ta kama gaɓar tekun Beljiyam, daga nan zuwa bakin Ingila tsallake ne kawai, sai suka bada odar wasu 'yan ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa guda 15 waɗanda basu da wani aiki sai dasa nakiya, aka sa musu lamba UC-1 har zuwa UC-15, goma aka ƙera a Hambug biyar a Biremen, cikin 'yan watanni aka gama. Tsawon kowanne mita 34 ne kacal, nauyinsa tan 168, mutum 14 ne a ciki a cunkushe. Saboda ƙanƙantarsu ma wasunsu yanka su aka yi gunduwa gunduwa aka ɗora a jirgin ƙasa aka kai Beljiyam aka sake haɗawa a can. Gudunsa a saman ruwa wajen kilomita 11 ne a awa, yaro a kan keke zai wuce shi yana waige. Bashi da tofido ko ɗaya, wato makamin da ake harbawa ta cikin ruwa a fasa jirgi, bindiga mashinga guda ce tal a kansa. In ka kalle shi a takarda sai kace wannan ai ba jirgin yaƙi bane.

To amma gaban jirgin gaba ɗaya rijiyoyi ne guda 6 a ɗan karkace, kowacce buɗe take sama da ƙasa ruwa na shiga yana fita, a cikin kowacce an ɗora nakiya biyu ɗaya kan ɗaya, 12 kenan, kowacce da abin fashewa kilo 120 a cikinta. Yadda take aiki shine abinda nake so masu karatu su gane sosai. In an sake ta sai ta faɗi ta ƙasan jirgin tare da wani ƙarfe mai nauyi da yake riƙe da ita, su sauka har ƙasan teku. Akwai wani toshi da aka yi da sinadari mai narkewa a ruwa, in ya narke bayan ɗan lokaci sai nakiyar ta rabu da ƙarfen ta taso sama tana jan waya, har ta kai zurfin da aka saita mata ta tsaya cak ƙasa da fuskar ruwa inda ido baya gani. A jikinta akwai 'yan ƙahoni na dalma, cikin kowanne ƙaho akwai ƙaramar kwalba mai ruwan asid. Jirgi na gogar ƙahon sai ya lanƙwashe, kwalbar ta fashe, asid ya zubo kan wani ɗan batir da yake a bushe, wuta ta tashi, shikenan. Ba mai danna komai, ba mai leƙawa ya ga tutar wace ƙasa ce ko su waye a ciki. Kuma tun a tasha ake saita zurfin, in an fita teku mutanen ciki basu da hanyar taɓa ta, kaga ko su kansu a hannun Allah suke, in toshin ya narke da wuri nakiyar sai ta taso musu a ƙarƙashin ciki.

Da dare suke zuwa su zuba su a bakin mashigin tashoshi da kusa da jiragen fitila masu nuna hanya, wato daidai inda dole kowa ya bi. Na farko da ya fara shine UC-11 a ƙarshen Mayu 1915. Turawan Ingila da farko basu ma gane ta ina nakiyoyin ke ɓullowa ba, sai da UC-2 ya nutse kusa da gaɓarsu a Yuli 1915 aka tura masu nutso suka leƙa suka ga rijiyoyin.

Wanda nafi bin labarinsa a cikinsu shine UC-5. Ya fara aiki a Yuni 1915, bai cika shekara ba aka kama shi, amma a ɗan wannan tsakanin nakiyoyinsa sun nutsar da jirage kusan 30. Ranar 17 ga Nuwamba 1915 wani jirgin asibiti mai suna Anglia ya taso daga Faransa ɗauke da sojoji masu rauni kusan 400 zai kai su tashar Doba a Ingila, fari ne tas da alamar asibiti a jikinsa wadda ko makaho ya sani ba a taɓawa, ya taka ɗaya daga nakiyoyin UC-5 saura ƙiris ya iso gida. Cikin kamar minti 15 ya nutse. Ka tuna fa da yawan waɗanda ke ciki a kwance suke a gado, wani ba ƙafa wani an ɗaure shi da karan ɗori, ga su a ɗakunan ƙasa ruwa na shigowa, sama da mutum 130 suka mutu harda ma'aikatan jirgin. Wani ɗan jirgin dakon gawayi da ya zo ceto, yana cikin tsamo mutane shima ya taka wata a layin ya nutse. Haka aka sake yi a Fabrairu 1916, jirgin fasinja Maloja da ya nufi Indiya ya taka nakiyar UC-6 kusa da Doba, mutum 155 suka tafi da yawansu leburorin jirgi ne 'yan Indiya da suka fito neman abinci, wanda ya zo taimakonsu shima nakiya ta ci shi. Wannan shine halinta, a jere ake dasa ta, mai zuwa ceto shine na biyu.

Shi UC-5 ɗin ƙarshensa abin dariya ne in ba dan rayukan da ya ci ba. Ranar 27 ga Afrilu 1916 ya maƙale a kan tudun yashi kusa da gaɓar Ingila ruwa ya janye ya barshi, wani jirgin yaƙin Ingila ya zo ya kwashe mutanen, sun sa abin fashewa dan su tarwatsa shi kafin su fita amma bai tarwatse ba. Aka ja shi aka gyara aka kai shi kogin Landan mutane na layi suna biyan kuɗi suna kallo, a 1917 kuma aka loda shi zuwa Amurka aka girke a babban lambun shaƙatawa na Niyok ana tallan takardun bashin yaƙi dashi, wato abinda ya kashe marasa lafiya a gadonsu ya koma kayan tara kuɗin ci gaba da yaƙi. Ni dai wannan bai taɓa yi min daɗin ji ba.

Su kansu yaran da aka cusa cikin waɗannan jirage ba wai sun more bane. A cikin 15 ɗin ba ko ɗaya da ya kai ƙarshen yaƙin a hannun Jamus. Ɗaya ya maƙale a gaɓar Holan aka riƙe shi, ɗaya suka nutsar da kansu da zasu gudu daga Beljiyam a 1918, mafi yawan sauran sun tafi ƙasa da mutanensu, wasu ma har yau ana gardamar nakiyar wa ta ci su, tasu ko ta abokan gaba.

Kar wani yace wannan labarin Turawa ne me ya shafe mu, ya shafe mu ta waje biyu. Guda huɗu daga cikinsu jirgin ƙasa ya kai su tekun Adiriyatik, a ciki akwai UC-12 wanda aka maida rijiyoyinsa wajen loda kaya yana kaiwa 'yan Sanusiyya makamai a gaɓar Libiya lokacin da suke faɗa da Italiya da Ingila. Tsoron kar Sanusiyya da Daular Usmaniyya su haɗa kai da Sarkin Darfur Ali Dinar na cikin dalilan da Ingila ta kawo na tura runduna Fashir a Mayu 1916, a Nuwamban shekarar suka kashe shi, wata ɗaya bayan nan kuma Kawsan jagoran Abzinawa ya yiwa Faransawa ƙawanya a Agadas, duk guguwa ɗaya ce. Shi UC-12 da aka maida shi aikinsa na asali, a Maris 1916 nakiyarsa ce ta tashi dashi a bakin tashar Taranto ta Italiya ba wanda ya fita, 'yan Italiya suka tsamo shi suka gyara suka maida shi nasu.

Na biyun kuwa duk wanda ya zauna a Sudan yasan sunan Kicina. Shine ya jagoranci yaƙin Karari a bakin Umdurman ranar 2 ga Satumba 1898, inda aka kashe Ansar mabiya Mahadi sama da 10,000 a safiya ɗaya shi kuwa mutanensa da suka mutu basu kai 50 ba, bayan nan aka rushe ƙubbar Mahadi aka watsa ƙasusuwansa a kogin Nilu. To a 1916 shine ministan yaƙin Ingila gaba ɗaya. Ranar 5 ga Yuni ya shiga jirgin yaƙi Hampshire zai je Rasha, ana iska mai ƙarfi har jiragen rakiya suka kasa bi aka ce su koma, da yamma kusa da tsibiran Okni a arewacin Sikotlan jirgin ya taka nakiyar da wani jirgin ƙarƙashin ruwa U-75 ya dasa wajen sati ɗaya kafin nan, shi wannan ya fi su UC girma amma sana'ar ɗaya ce. Mutum 12 ne kawai suka kai gaɓa da rai, 737 suka mutu, gawar Kicina ba a ganta ba har yau. In ka bada wannan labari a wajen shan jabana a nan za a ce maka alhaki ne, wanda ya jefa ƙashin bawan Allah a ruwa ruwa ya cinye shi, kuma ni ba zan yi musu da dattawa akan hukuncin Allah ba. Sai dai ina cewa a tuna da sauran 736 ɗin, yawancinsu matasa ne wasu ma ba a haife su ba lokacin Karari, basu san inda Umdurman take ba. Kuma ba dan Kicina aka dasa ta ba, jiragen yaƙin Ingila aka yiwa tarko a lissafin wani faɗan daban, faɗan ya wuce tarkon yana nan. Shi U-75 ɗin ma a Disamba 1917 nakiya ce ta kashe shi.

Wa aka tura ya kwashe su? Masunta. Wannan wajen ne yake taɓa ni tunda sana'ar mutanenmu ce a ƙasar nan daga Nilu har bahar. Ingila ta ɗebi jiragen kamun kifi da masu su gaba ɗaya ta sa su aikin shara, jirgi biyu su ja waya a tsakaninsu ta tsinke igiyar nakiyar, in ta taso saman ruwa a harbe ta da bindiga, kullum da asuba sai an share hanya kafin jiragen kaya su wuce, washegari a tarar an sake zubawa. Jiragen shara sama da 200 suka rasa a yaƙin. Mai jirgi ɗan ƙarami da mutum 14 yasa ɗaruruwan jirage da dubban mutane aikin da baya ƙarewa, kuma wannan lissafin ne yasa har gobe duk wanda bashi da ƙarfin karawa da manya a teku nakiya yake nema, arha gare ta kuma ko bata fashe ba jin cewa tana nan ya isa ya tsaida tasha.

Akwai doka fa, tun 1907 aka zauna a birnin Heg na Holan aka rubuta cewa nakiyar da aka saki ba igiya dole ta mutu cikin awa ɗaya, mai igiya kuma in ta tsinke dole ta daina aiki, kuma kar a dasa a gaɓar abokin gaba dan kawai a tare jiragen kasuwa. Shekara 8 bayan nan ga abinda ya faru da Anglia, kaga iya ƙarfin takardar.

Mu nan mun ɗanɗana. A Yuli da Agusta 1984 jirage sama da 15 suka taka nakiya daga mashigin Suwes har kudancin Bahar Maliya, ana dab da aikin Hajji jiragen alhazai na shirin tsallakawa, ba wanda yake yaƙi da kowa a ruwan a lokacin, an zargi wani jirgin dakon kaya na Libiya ita kuma ta musa, sai da Amurka da Ingila da Faransa da Italiya suka turo masu shara suka yi makonni suna lalube. Jirgi ɗaya ake zargi fa, na kasuwa, ya wuce ya zubar ya tafi abinsa. Yanzu kuma shekaru kenan ana samun rahoton nakiyoyi a gaɓar Yaman wajen Hudaida da Midi, kuma waɗanda suke mutuwa masunta ne masu ƙaramin kwalekwale waɗanda ba mai buga sunansu. Ruwa kuma bai san iyaka ba, a Bahar Aswad nakiyoyin yaƙin Yukren sun tsinke a 2022 sun yi yawo har bakin Turkiyya da Romaniya. A tekunan arewacin Turai har yau masu kamun kifi suna jawo na yaƙin duniya a raga. Mu ma ga Umbria nan kwance a bakin Bur Sudan tun Yuni 1940, jirgin Italiya da mutanensa suka nutsar da bamabamai wajen 360,000 a cikinsa, kafin yaƙinmu na Sudan Turawa har biya suke suna nutso suna ɗaukar hoto.

Abinda yasa nake jin tsoro malam edita, ka san halin mai fita ruwa, duk abinda teku ta kawo rabo ne. Jarka, igiya, ganga, katako, ba ya barin komai. Nakiyar da ta daɗe a ruwa kuwa ba zaka ganta baƙa wul da ƙahoni tsaf kamar a hoto ba, tsatsa ta ci ta, gansakuka da 'yan ƙananan kifin ɓawo sun lulluɓe ta, rabinta a nutse tana lilo, sai ka ɗauka tulun alamar hanya ne da ya tsinke ko tsohuwar tukunyar gas, wasu na yanzun ma da hannu ake haɗa su basu da wata kama guda. Mutum ya fita tun dare bai kama na man injin ba, ga ƙarfe mai nauyi a gabansa kuma yasan ana sayen ƙarfe a kilo, me kake tsammani zai yi? Zai matsa ya ɗaura mata igiya ya ja, in ya kai gaɓa yara su taru a kai da guduma. Irin haka ke faruwa a tudu da ragowar harsasai da bamabamai tun da yaƙinmu ya ɓarke a Afrilu 2023, yara masu tsintar ƙarfe ne a gaba wajen jin ciwo, to na ruwan ya ninka wancan ƙarfi nesa ba kusa ba tunda jirgin ƙarfe aka yi shi ya fasa.

Dan haka roƙona ku ware shafi guda ku yi bayanin abin nan da Hausa mai sauƙi harda hotuna, na sabuwa da na wadda ta tsufa a ruwa. Ku nemi wanda ya san aikin, tsohon sojan ruwa ko ma'aikacin kwance nakiya, ya faɗa da bakinsa cewa ba a taɓawa ba a ɗaurewa ba a ja, ba a jifa ba a harbi, a ja da baya sosai a riƙe wajen a waya in akwai, a gaya wa sauran masu kwalekwale sannan a sanar da sojan ruwa ko hukumar tasha. In jirgi ya taka kuma masu zuwa ceto su sani akwai yiwuwar wata na kusa. Kuma dan Allah kar ku tsaya a rubutu, yawancin mutanenmu na nan da Sawakin da na can Jizan da Jidda karatunsu na allo ne da Larabci, boko sai kaɗan, ku sa wani mai murya ya karanta a naɗa minti uku ko huɗu yadda zai shiga WhatsApp ba tare da ya cinye data ba, in kun turo ni zan raba a guruf guruf ɗin da nake ciki.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu,
daga Bur Sudan